Basfa a Karkarar Arewacin Kano: Kiwonta, Kayan Gyaranta da Harshen Kanikawanta

1.0 Gabatarwa

Wanda duk ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ta Kano zuwa Bichi, a ranar kasuwa, yakan yi kiciɓis jefi-jefi da dattijo a kan tsohuwar basfa, babbar rigarsa a tattare bisa cinya, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana bin bayansa. Galibin irin waɗannan babura sun haura shekara arba'in a duniya, kamfanin da ya ƙera su kuwa ya daɗe da daina yin irinsu. Tambayar da ta kamata a yi ita ce: me ya raya su har zuwa yau?

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa abin da ya riƙe basfa a karkarar Kano ilimi ne na kulawa da gyara wanda ke ƙunshe a kan kanikawa da masu hawa, kuma ilimin nan yana tafe da kalmominsa na Hausa, waɗanda mafi yawansu ba su taɓa shiga takarda ba. Za a fara da asalin basfa da shigowarta, sa'an nan a dubi ƙasar da ta tarar, da yadda ake kula da ita, da hanyoyin samun kayan gyaranta. Daga ƙarshe za a nazarci harshen da ake gudanar da wannan sana'a da shi.

2.0 Asalin Basfa da Shigowarta

Kalmar basfa ta samo asali ne daga Vespa, sunan wani ƙaramin babur da kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ya fara ƙerawa a garin Pontedera cikin 1946. Ma'anar sunan da Italiyanci ita ce zanzaro, saboda ƙugin injinsa da kuma ƙirarsa mai siririn tsakiya da faffaɗan baya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jiragen sama kamfanin ke ƙerawa. Da yaƙi ya ƙare, masana'antar ta rushe, sai mai kamfanin, Enrico Piaggio, ya nemi abin hawa mai araha da talaka zai iya saye. Wanda ya zana shi, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama ne da ba ya sha'awar babur, domin a ganinsa sarƙa tana ɓata wa mahayi tufafi, kuma sauya taya wahala ce. Saboda haka ya yi abin hawa maras sarƙa, ya rufe injin, ya sa garkuwa a gaban ƙafafu, ya kuma ɗaura kowace ƙafa a gefe ɗaya yadda za a iya kwance ta kamar ta mota. Ya zuwa 1956 an ƙera guda miliyan ɗaya.

A Nijeriya ta Arewa basfa ta yi tashe ne a shekarun 1970. Kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, aka biya ma'aikata ƙarin albashi da ariyas a farkon 1975. A watan Satumba na 1976 kuma aka ƙaddamar da shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, makarantu suka yawaita a ƙauyuka, aka tura malamai wuraren da mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa. Ga kuma tsarin ba ma'aikaci bashin sayen abin hawa ana cirewa a albashinsa. Ta haka ne hedimasta, da malamin gona, da malamin asibiti, da magatakardan kotu, da duba-gari suka zama mahaya basfa, 'yan kasuwa da alhazan ƙauye suka bi sahu. Samfurorin da suka fi yawa a hannun mutane su ne Super da Sprint, waɗanda aka fara ƙerawa a 1965, sai kuma jerin PX da ya fito a 1977.

3.0 Ƙasar da Basfa ta Tarar

Yankin da ake magana a kansa ya haɗa da ƙasashen Ungogo, Minjibir, Dawakin Tofa, Bichi, Dambatta, Makoɗa, Kunchi da Tsanyawa. Mafi yawansa yana cikin kewayen nan na Kano mai cunkoson jama'a wanda Michael Mortimore da J. Wilson suka yi nazari a kansa a 1965. Ƙasa ce da kusan babu saura a cikinta: gona tana manne da gona, ana noma ta kowace shekara da taimakon taki, gidaje a warwatse, ga gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsakiyar gonaki. Tsakanin wannan unguwa da waccan babu nisa, amma hanyar da ta haɗa su sau da yawa burtali ne mai yashi, da shingen aguwa ko bini-da-zugu dama da hagu. Kafin zuwan inji, jaki ne ke ɗaukar kaya a waɗannan hanyoyi, yana kai itace birni yana komowa da taki, doki kuwa na masu sarauta ne da masu hali.

In an bi ta ƙira, ba don irin wannan ƙasa aka yi basfa ba. Ƙafarta ƙarama ce, inci 8 a Super, inci 10 a Sprint da PX, alhali ta sauran babura takan kai inci 17 ko 18. Ƙaramar ƙafa tana nutsewa cikin yashi tana kuma jin kowane rami. Injinta yana gefen dama, saboda haka nauyinta ya karkata, sai mahayi ya saba da ita. Duk da haka ta samu karɓuwa saboda wasu dalilai da suka dace da rayuwar Bahaushe. Mai babbar riga yana hawanta ba tare da ya ɗaga ƙafa ya tsallake tanki ba, babu sarƙar da za ta kama gefen rigarsa, garkuwar gaba kuma tana kare shi daga taɓo. Shimfiɗaɗɗen wurin sa ƙafa yana ɗaukar ƙullin hatsi, ko galan, ko yaro a tsaye. Uwa-uba tana tafe da safayar taya, abin da babu wani babur na zamaninta a wannan ƙasa da ya yi fice da shi kamarta. Waɗannan siffofi suka sa ta zama abin hawan kamala, na dattijo da malami.

4.0 Kiwon Basfa

An zaɓi kalmar kiwo a nan da gangan, domin kamar yadda za a gani a sashe na 6.0, yadda Bahaushe ke magana a kan basfa ya yi kama da yadda yake magana a kan dabbar hawa. Akwai fannoni biyar da kulawar ta rataya a kansu.

4.1 Mai

Injin basfa mai taku biyu ne, watau duk lokacin da fistin ya hau ya sauko sau ɗaya sai wuta ta kama sau ɗaya. Injin mota da na baburan yanzu masu taku huɗu ne, suna da ma'ajiyar baƙin mai a ƙasa wadda ke shafe sassan ciki. Basfa ba ta da wannan ma'ajiya. Fetur da iska suna bi ta ɗakin karanshaf kafin su isa silinda, don haka dole a gauraya man shafawa da fetur tun daga tanki, shi ne zai jiƙa boris da fistin sa'an nan ya ƙone ya fita. Wannan ne asalin hayaƙin da aka san ta da shi.

Ma'aunin da kamfani ya tsara wa Super da Sprint da PX shi ne kashi 2 cikin 100, watau mililita 20 na mai a kowace litar fetur. Samfurorin farko na shekarun 1950 sun fi haka sha, suna bukatar kashi 5 cikin 100. A karkara, inda ake sayen fetur a kwalba ko galan daga hannun 'yan bumburutu, da murfin gwangwani ko da ido ake aunawa, kuma a nan ne mafi yawan ɓarna ke faruwa. In mai ya yi kaɗan, fistin ya yi zafi ya kumbura ya kame a cikin silinda, ƙafar baya ta tsaya cak. Wannan shi ake kira inji ya buga. In ya yi yawa, fulogi ya jiƙe ya daina ba da wuta, baƙin dauɗa ya taru a kan fistin da mafitar hayaƙi da cikin salansa har ƙarfin inji ya ragu. Maganinsa shi ne a buɗe kan silinda a kankare, salansa kuma a gasa ta a wuta a bubbuga dauɗar ta zube. Mafi muni shi ne amfani da baƙin man da aka juye daga mota, domin yana ɗauke da garin ƙarfe mai cin boris.

Akwai kuma man giya, wanda yake daban, kimanin rubu'in lita, wanda giyoyi da kuloci ke wanka a cikinsa. In aka ji warin fetur a man giya, alama ce robar da ke tare tsakanin ɗakin karanshaf da ɗakin giya ta mutu, kuma sai an raba inji biyu kafin a sauya ta.

4.2 Ƙura

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika iska da ƙura mai laushi, burtali kuma yana ƙara tasa. Kafiretar basfa tana zaune cikin akwati a saman inji, tana shaƙar iska ta wata roba mai lanƙwasa da ta haɗa akwatin da cikin jikin babur. Muddin robar nan tana da lafiya, iskar da ke shiga ta ɗan tace. In ta tsage, ƙura ta samu ƙofa. Illar ƙura iri biyu ce. Ta farko, tana toshe ƙananan ramukan da fetur ke bi a kafireta, babur ya riƙa shaƙewa ko ya ƙi tsayawa a silo. Ta biyu ta fi tsanani. A wannan inji, gefen karanshaf ne da kansa ke buɗe mashigar fetur yana rufe ta yayin da yake juyawa, tazarar da ke tsakaninsa da bangon inji kuwa ba ta kai kaurin gashi biyu ba. Yashi in ya shiga nan sai ya kankare bangon, kuma wannan ciwo ne da sauya fistin ba ya warkarwa. Shi ya sa bakaniken kirki kan wanke matatar iska da fetur, ya hura ramukan kafireta da iska, ya kuma hana yaransa tsokana su da waya, don waya tana faɗaɗa rami ta ɓata ma'aunin mai.

4.3 Wuta da Zafi

Basfa ba ta bukatar batir kafin ta tashi. Akwai faifai mai maganaɗisu a gefen inji wanda ke juyawa a kan kwayil ya haifar da wuta. A tsofaffin samfurori kwantak ne ke yanke wutar a daidai lokacin da ya kamata, tare da kwandansa. Bakin kwantak yana bukatar tazarar da ba ta wuce rabin milimita ba, yana kuma cinyewa da tafiya, sai a goge shi a sake saiti. Daga baya aka fito da samfurori masu akwatin wuta na lantarki wanda ba ya bukatar saiti, amma in ya mutu ba ya gyaruwa sai sauyi. Wannan ya sa wasu tsofaffin kanikawa suka fi amincewa da kwantak, don ana iya lallaɓa shi a bakin hanya.

Fulogi shi ne madubin inji. Bakanike yakan kwance shi ya dubi bakinsa: in ya yi ƙasa-ƙasa, lafiya lau, in ya yi baƙi ya jiƙe, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, in ya yi fari fat, inji yana zafi fiye da kima, bugawa na nan tafe. Faifan nan mai maganaɗisu shi ne kuma fankar da ke hura wa silinda iska ta cikin wata hula da ta rufe ta. Mai cire hular don wai inji ya sha iska ya yi kuskure babba, domin ita ce ke tilasta wa iskar bin jikin silinda. A bazara, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40 a watan Afrilu, wannan kuskure yana iya kashe inji a tafiya guda.

4.4 Kebur, Kuloci da Giya

Giyar basfa a hannun hagu take. Mahayi yana matse kuloci ya murɗa hannun gaba ɗaya, kebur biyu su ja su saki, giya ta shiga. In aka haɗa da na kuloci, da na totur, da na birkin gaba, da na birkin baya wanda ake takawa da ƙafar dama, za a ga rayuwar wannan babur a kan wayoyi take. Kebur yana miƙewa, yana tsatsa, yana tsinkewa, musamman na kuloci. Gogaggen mahayi ba ya fita ba tare da sabuwar waya, da fulogi, da sifanar fulogi, da filaya a akwatinsa ba. A cikin ɗakin giya kuma akwai wani ƙaramin ƙarfe mai siffar gicciye wanda ke zamewa ya kama giyar da aka zaɓa. An yi shi da ƙarfe mai ɗan taushi da gangan, don ya cinye a madadin giyoyin da suka fi shi tsada. In gefunansa suka cinye, sai babur ya riƙa fitar da giya da kansa, musamman a hawa ko a yashi.

4.5 Taya da Jiki

Ƙayar bagaruwa da ta aduwa da ta gawo ba sa raga wa taya. A nan ƙirar D'Ascanio ta yi rana. Ƙafar gaba da ta baya girmansu ɗaya, safaya tana shiga kowanne, kuma ana sauyawa da sifana guda bayan an kwantar da babur a gefensa. Wilin kansa gida biyu ne da aka ɗaure da noti, in aka sace iska aka kwance su sai tif ya fito ba tare da an yi kokawa da ƙarfen ɓanɓare taya ba. Game da jiki kuwa, basfa ba ta da ƙashin bututu irin na sauran babura. Farantin ƙarfen da ake gani shi ne ƙashinta. Saboda haka tsatsar da ruwan damina ke haifarwa a ƙarƙashin shimfiɗar roba ta wurin sa ƙafa tana iya karya babur a tsakiya. Mai walda yana iya yanke ruɓaɓɓen wuri ya yi faci, amma in bai daidaita ba, ƙafar gaba da ta baya ba za su sake bin layi ɗaya ba.

5.0 Hanyoyin Samun Kayan Gyara

Tarihin kayan gyaran basfa ya bi tarihin darajar naira. A shekarun 1970 kayan Italiya ne a kantuna. Da farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a 1982, shigo da kaya ya yi wuya. A 1986 gwamnatin Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta zube, sabuwar basfa da kayanta na asali suka fi ƙarfin malamin makaranta. Daga nan aka dogara da hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce kayan Indiya. Kamfanin Bajaj ya ƙera Vespa bisa lasisin Piaggio daga farkon shekarun 1960 zuwa 1971, bayan nan ya ci gaba da nasa, ciki har da Chetak da ya fito a 1972 bisa ƙirar Sprint. Kamfanin LML na garin Kanpur kuma ya ƙulla yarjejeniya da Piaggio a shekarun 1980 ya ƙera irin PX, ya ci gaba da yi bayan sun rabu a 1999. Da yake miliyoyin irin waɗannan babura sun yi yawo a Indiya, sai ƙananan masana'antu masu yin fistin da zobba da kebur da faifan kuloci suka yawaita a can. Da yawan kayan suna shiga basfar Italiya, wasu kai tsaye, wasu sai an ɗan goge. Sanin wanne ke shiga wanne babban sashe ne na ilimin bakanike. Kayan sukan iso Kano ta hannun 'yan kasuwar Legas da na Nnewi, garin da ya yi suna a cinikin kayan babur, daga shagunan Sabon Gari da Fagge kuma su bazu zuwa Bichi da Dambatta.

Hanya ta biyu ita ce gwanjo da yanka. In basfa ta mutu mutuwar da ba ta tashi, sai a saye ta a farke, a rayar da wasu da sassanta. A kasuwar Ƙofar Ruwa da rumfunan tsofaffin kanikawa akan sami irin waɗannan sassa. Abokin hamayya a nan shi ne ɗan gwangwan, wanda ke sayen ƙarfe da alminiyam a kan kilo. Duk injin da ya shiga tukunyar narka ya fita daga hannun masu gyara har abada.

Hanya ta uku ita ce ƙira da dabara. Ana yanka gasket daga kwali mai kauri. In silinda ta cinye, a kai ta wurin masu injin gyaran ƙarfe a birni su faɗaɗa ramin kaɗan, a sa fistin da ya ɗara na da girma. Baduku ko mai ɗinkin kujera yana sake lulluɓe sirdi, maƙeri yana gyara jaki da mariƙin kaya. Wannan haɗin kai tsakanin sabuwar sana'a da tsofaffi abin lura ne ga mai nazarin al'ada.

Dukkan hanyoyin uku suna ƙara ƙuntata. Baburan Sin irin su Jincheng, sa'an nan Bajaj Boxer na Indiya, sun mamaye karkara tun daga shekarun 2000, domin sun fi dacewa da yashi da acaɓa, sun kuma fi tsimin mai. Bajaj ya daina Chetak mai fetur a tsakiyar shekarun 2000, LML ya durƙushe a 2017, Piaggio ma ya rufe PX a daidai wannan lokaci saboda dokokin hayaƙi na Turai. Janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 ya ƙara wa mai tsohon inji nauyi. Yaron da ya shiga koyon kanikanci a yau, inji mai taku huɗu zai tarar a gaban maigidansa.

6.0 Harshen Kanikawa

Ana iya kasa kalmomin wannan sana'a gida uku.

Kashi na farko shi ne kalmomin aro, galibi daga Ingilishi, waɗanda aka sarrafa su bisa tsarin sautin Hausa. Sunan basfa kansa misali ne. Hausa ba ta da sautin v, ba ta kuma bambanta p da f, saboda haka v ya koma b, p ya koma f. Haka p na plug da piston ya zama f a fulogi da fistin. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, don haka ake saƙa wasali a tsakaninsu: brake ya zama birki, clutch ya zama kuloci, spanner ya zama sifana. Sau da yawa akan ƙara wasali a ƙarshe, kamar a tanki da noti da gareji. Wani lokaci l na ƙarshe yakan koma r, kamar yadda cable ya zama kebur, throttle ya zama totur. Bayan sauti sai nahawu. Kowace kalma tana samun jinsi: basfa da giya da taya da salansa mata ne saboda sun ƙare da wasalin a, babur da birki da fulogi maza ne. Mafi ban sha'awa ita ce kalmar makaniki. Bahaushe ya sake fasalinta ta zama bakanike, jam'i kanikawa, sana'a kanikanci, daidai da Bakano, Kanawa, Kananci, kamar dai kanikawa wata al'umma ce mai garinta da harshenta. Wanda ya bi hanyar Dambatta ya wuce Kazaure da Daura ya shiga Jamhuriyar Nijar zai tarar da wani tsarin aron daga Faransanci, inda fulogi ya zama buji, babur ya zama moto.

Kashi na biyu shi ne kalmomin Hausa na asali da aka faɗaɗa ma'anarsu. Mafi yawansu daga jikin mutum ko dabba aka ɗauko su: kan babur, ƙafar gaba, cikin inji, bakin fulogi, hular silinda. Wasu daga kayan gida da na hawa: zobe ga abin da ke kewaye fistin, sirdi ga mazauni, jaki ga abin da ake jingine babur a kansa. Wannan hanya tsohuwa ce, ita ce ta ba keke sunan dokin ƙarfe.

Kashi na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne aikatau da salon bayyana ciwo. Basfa tana tashi, tana mutuwa, ana kashe ta, tana shan mai, tana cin fulogi, tana tari, tana shaƙewa, tana ƙin tashi da sanyin safiya. Mai babur ba ya zuwa da sunan abin da ya lalace, da alamu yake zuwa, kamar mai kai maras lafiya wurin magani. Yakan ce, "Malam, in na ja totur sai ta shaƙe, in na sassauta sai ta mutu." Bakanike ya taka kik, ya kasa kunne, ya ce wa yaronsa, "Kai, kwance mini kafireta." Yaron ya amsa, "To, maigida." A cikin wannan 'yar musaya an yi bincike an kuma gano ciwo. Kalmomin amsa-kama suna da babban aiki a nan, domin ƙarar boris da ya cinye daban take da ta zoben da ya karye, kuma da kwaikwayon sauti maigida ke koya wa yaro bambancinsu. Wannan ne sashen ilimin da babu littafin kamfani da ya ƙunsa.

Ƙamusun Bargery na 1934 ya riga basfa zuwa duniya, na Abraham kuma ya fito a 1949, tun ba ta yaɗu a nan ba. Sabon ƙamusun da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano ta fitar a 1977, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, sun shigar da kalmomin zamani masu yawa. Amma ƙamus na gama-gari yakan tsaya ne a kan sunaye, ba ya bin bakanike cikin rumfarsa ya ji yadda yake sarrafa aikatau da amsa-kama wajen gano ciwon inji.

7.0 Kammalawa

An ga yadda babur da aka zana don titunan Italiya ya zauna a burtalin Kano, da yadda mai da ƙura da zafi da ƙaya suka tsara irin kulawar da yake bukata, da yadda kayan gyaransa suka tashi daga Italiya zuwa Indiya zuwa gwanjo. An kuma ga cewa Hausa ta karɓi wannan inji ta hanyoyi uku: ta ari suna ta gyara shi, ta ba sassa sunayen jiki, ta kuma yi masa magana kamar mai rai.

Kanikawan da suka koyi aiki a zamanin Udoji yanzu dattawa ne, kuma kaɗan ne daga yaransu suka gaji aikin inji mai taku biyu. Akwai aiki a gaban ɗaliban digiri na biyu da na uku a sassan Hausa: a zauna a rumfunan Bichi da Dambatta da Minjibir, a naɗi hirar maigida da yaronsa suna bakin aiki, a rubuta kowace kalma da karin sautinta da jinsinta da jam'inta, a ɗauki hoton abin da take nufi. Irin wannan tari zai amfani mai nazarin aron kalmomi, da mai tsara ƙamus, da malamin makarantar koyon sana'a da ke neman koyar da aikin inji da Hausa. Lokacin yin sa kuwa shi ne yanzu da masu ilimin ke raye, sauran basfofin kuma ba su kai ga sikelin ɗan gwangwan ba.